Ƙwayoyin Hajja Kaka

"Ka daina kawo wa Hajja ƙwayar nan, Falalu! Don girman Allah ka daina!"

Falalu ya jingina da motar da yake ɗaukar hatsi da ita daga Babura zuwa Kano, ya zuba wa Amna ido. Hannunsa na cikin aljihu, riƙe da sabuwar kwalba.

"Haba rabin raina, ni me na yi? Aikena aka yi."

"Likita cewa ya yi ƙwaya ɗaya a rana, ta sha ta huta, sannan ta koma ya duba ta. Ka san nawa take sha yanzu? Uku! Wata rana har huɗu!"

"To in ce mata me? Surukata ce fa, Amna... Ko idonta ba na iya kallo. Ta bayan labule take miƙo tsohuwar kwalbar, in durƙusa in karɓa. Da wane bakin zan tambaye ta maganin mene ne?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ke ƙona wa Amna rai.

Hajja Kaka yayar mahaifiyarta ce, ita ta ɗauke ta tun daga yaye. Ba ta taɓa haihuwa ba, ko ɓari. Dangi sun yi surutu har bakinsu ya gaji, amma mijinta Baba Kura ya ce shi dai Hajjarsa ta ishe shi.

Da al'ada ta ɗauke mata, sai wani zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi sharkaf, barci ya gagara. Baba Kura ya kai ta Kano, likita ya ba ta ƙwayoyin da ke maye gurbin abin da jikin mace ya daina yi in ta manyanta. Ta samu sauƙi, har ƙiba ta yi.

Sai jini ya dawo.

Amna ba za ta manta ranar ba. Hajja ta jawo ta ƙuryar ɗaki tana dariya kamar amarya.

"'Yar nan, al'adata ta dawo! Ashe Allah bai manta da ni ba... Ki rufa mini asiri, kada Malam ya ji sai abin ya tabbata."

Daga nan ta ƙara ƙwaya. Ta ƙi komawa asibiti don kada likita ya hana ta. Lokacin kuɗin fetur sun shigo, kantunan magani sun cika Kano, in ka nuna kwalba babu mai tambayarka takarda. Wa ya fi dacewa da aike in ba yaron da ke neman 'yarta ba?

Jinin ya ƙi tsayawa. Hajja ta ɗashe, idanu suka faɗa, mara ta fara tasowa. Ita kuwa shafa ta take yi tana murmushi.

"In ka miƙa mata wannan, zan gaya wa Baba," in ji Amna.

"Kin san halin Baba Kura a kan Hajja. In ya ji ni ke sayowa, auren nan ya tashi! Ki bari a ɗaura mana, saura kaɗan fa..."

"Ita ma saura kaɗan, Falalu."

 Ya gyara hula, ya shiga zaure ya yi sallama.

Amna tana son Falalu, so na haƙiƙa, irin wanda ke hana cin abinci. Amma bayan la'asar ta je ta durƙusa gaban Baba Kura yana auna gero, ta faɗa masa komai. Mudun ya suɓuce daga hannunsa.

Washegari suna Kano, a motar wani. Likita ya duba, ya girgiza kai. Ya ce yawan ƙwayar babu hutu ya tayar da ciwon daji a mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Za su cire ta, amma kada a sa rai.

Baba Kura bai yi faɗa ba. Ƙaninsa Kawu Mele kawai ya tura Gwiwa, garin su Falalu, ya mayar wa iyayensa kayan aurensu.

Falalu ya zo asibitin ranar aikin, ya tsaya ƙarƙashin darbejiya, ya rame.

"Amna, wallahi ladabi na yi..."

"Na sani."

"Ba za ki roƙa mini Baba ba?"

"Ka leƙa ka ga fuskarsa, sannan ka ce in roƙe shi."

Ta juya da sauri, ta koma ciki.

Da hantsi Hajja ta farfaɗo. Ta lalubo cikinta, ta ji bandeji, idanunta suka yi haske.

"Malam... an ciro? Me na samu?"

Baba Kura ya kalli Amna. Mutum ne da bai taɓa yi wa matarsa ƙarya ba. Ya kama hannun Hajja.

"Mace ce, Hajja."

"Ban ji kukanta ba..."

"Barci take yi."

"Alhamdu lillahi!" Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido. "Ka ga na biya ka, Malam... Amna, kin yi ƙanwa."

Amna ta cusa mayafi a baki.

"Matso, 'yar nan." Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da Amna ta kai kunne. "Ki ce wa angon naki na gode. Ba don shi ba, da ban ga wannan ranar ba... Allah ya yi masa albarka."

"Zan gaya masa, Hajja," in ji Amna.

Kafin azahar aka rufe mata fuska.