Ranar da Bora Ta Ƙi Hawa Ɓaraguzai

Ranar da Jehona ta fara haɗa ido da Kushtrim, mahaifinta Ylber yana wurin, jingine da motarsa a bakin wata tsohuwar masana'antar bulo da ke bayan garin Kruja. Shi ya kawo ta. Masu aikin ceto ne ke neman wanda zai ɓuya cikin ɓaraguzai don karnukansu su koyi nemo mutum. Ylber bai ga dalilin da zai sa 'yarsa tilo ta shiga rami da ƙafarta ba, amma ya kasa hana ta.

Aka sa ta cikin wani bututun siminti, aka rufe da katako. Can sai wata karya mai jan gashi, Bora, ta haura tsibin ɓaraguzan tana shinshinar iska, ta tsaya cak ta hau haushi. Saurayin da ke kula da ita, Kushtrim, ya zo ya ɗaga katakon.

"Sannu, baiwar Allah. Da sauran rai?"

"Kaɗan. Kun daɗe fa."

"Laifin Bora ne. Ni tun kafin ki ɓuya na gano ki."

Ylber ya ga yadda hannun yaron ya yi jinkirin sakin nata bayan ta fito. Ya ɗaure fuska.

Bayan wasu watanni ta manta wayarta a kan teburin cin abinci, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya duba. Sai ga saƙon Kushtrim.

"Zuciyata, Bora na bakin ƙofa tana jiran ki. Ni ma ina nan, amma ni ba mai shafa min kai."

A ƙasa ta amsa: "Na ajiye maka burodin burek mai alayyafo. Ka kula min da kanka, ruhina."

Da kawun Kushtrim ya zo neman aure, aka kawo gahawa, amma Ylber bai taɓa kofinsa ba har ta huce. Baƙon ya gane an ƙi ke nan, ya ɗauki hularsa.

"Baban Jehona, me yaron nan ya yi maka?" in ji matarsa Vjollca.

"Bai yi min komai ba. Kowa gudu yake daga ginin da ya rushe, shi kuwa shiga yake. In ba shi ita don wata rana a kira ta ta ɗauki gawa? Ga ɗan Agim mai kantin magani, aikinsa a inuwa."

"To kai ka aure shi mana, tunda ya burge ka."

Jehona ba ta yi masa tsaurin ido ba, ba ta kuma kalli ɗan Agim ba. Ta dai zauna ba aure. Shekaru suka wuce a haka. Ciwo ya kama Vjollca, ta rasu cikin hunturu, kayan ɗakin da ta saƙa wa 'yarta suna ninke a akwati.

Sai girgizar ƙasa ta zo. Gidansu ya tsira da 'yan tsage-tsage, amma can wajen teku benaye sun zube. Jehona ta bi masu ceto tana raba musu abinci. Da kwanaki suka ja, Ylber ya tada mota don ya dawo da ita ko tana so ko ba ta so.

Ya same su a gindin wani bene da ya kwanta. Kushtrim na zaune a ƙasa, fuska duk farar ƙura. Bora na kwance, ta ɗora haɓa kan ƙafafunta.

"Ki shiga mota," Ylber ya ce wa 'yarsa.

"Baba, Bora ta ƙi hawa. Tun da muka zo gawa kawai take samu, zuciyarta ta mutu. Ana kuma zaton akwai mai rai a ciki."

Kushtrim ya miƙe, ya cire hular kwano. "Baffa, in kare ya kai haka, sai a ɓoye masa mai rai ya samu, ya tuna abin da ya fito nema. Amma ta san warin duk 'yan ƙungiyarmu, ta san na Jehona. Baƙo muke buƙata."

Ylber ya waiga. Duk wanda ke wurin, in ba haƙa yake ba to kuka yake.

"Ni da ko lif na hawa bene ba na shiga?"

"Wurin ɓuyan a gefe ne, Baffa, na duba shi da kaina. Ba zan sa ka inda zan ji kunyar Jehona ba."

Ya shiga. Aka ja wani ƙyaure aka rufe shi. Duhu, warin siminti, ga takalmin wani yaro yana tokare masa haƙarƙari. Ya san ɓuyan na gwaji ne kawai, ya san suna nan kusa, amma numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya tuna akwai wani a ƙasansa da ba wanda ya ce masa gefe ne. Mutumin nan ba abin da yake roƙon Allah sai a samu ɗan wani da zai shigo.

Sai ya ji farce a kan ƙyauren, sannan haushi, haushin da ya ƙi tsayawa. Haske ya shigo. Bora ta hau lasar fuskarsa, shi da bai taɓa barin kare ya kusance shi ba ya rungume wuyanta, hawaye na zuba.

"Yabe ta, Baffa, da ƙarfi. Ladanta ke nan."

"Yarinyar kirki," in ji Ylber. "Yarinyar kirki."

Bora ta girgije jiki ta haura tsibin. Aka kashe injuna, kowa ya yi tsit. Kafin la'asar ta tsaya a wata kusurwa tana haushi, aka zaro wata tsohuwa da ranta.

A hanyar gida Ylber ya dubi Jehona.

"Ki ce kawunsa ya dawo. Gahawar nan zan sha."

Jehona ta juya fuska wajen taga. "Da Mama na nan," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Shi ma bai nemi ta ƙarasa ba.

Aka yi biki da bazara. Shi da kansa ya fito da akwatin Vjollca ya sa a mota. Masu kiɗa na bugawa, Bora na kwance a inuwa, bakinta ya fara furfura. Da amarya ta zo fita, Ylber ya riƙo hannun rigar ango.

"Duk ranar da ka shiga, in ka fito ka turo min saƙo. Ni, ba ita kaɗai ba."

"To, Baba."

Ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku tsufa tare. Ni da uwarki mun sa muku albarka. Ita ta riga ni da shekaru, ni ne na makara."