Ƙoƙon da Aka Miƙa wa Sallau a Bakin Kududdufi

Ku matso kusa. Kai Nafi'u, kashe tocilan ɗin nan, ba tatsuniya zan yi muku ba. Labarin Sallau mai gyaran wuta ne, wanda kuke gani a bakin kasuwa ya zabga tagumi ba ya kula kowa. Da ba haka yake ba.

Shekarun baya wata masaƙa a garin nan ta sauya fitilunta gaba ɗaya. Dogayen ƙwayayen nan farare masu kama da sanda, masu ƙyafƙyaftawa kafin su kama, su aka ciccire. Sallau aka ba aikin. Da ya gama ya tambayi manaja inda za a kai matattun. Manaja ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ya kwashe su duk inda ya ga dama, in dai ba cikin harabarsu ba. Manajan nan ya san abin da ke cikinsu, wallahi ya sani, don ko kusa da tarin bai yarda ya tsaya ba. Amma bai gargaɗi Sallau ba.

Sallau ya ɗauka garaɓasa ce ta faɗo masa. Ya dinga turo su gida a kura. A tsakar gida yake fasa su, ya ɓalle ɗan alminiyon da ke bakin kowanne ya tara wa 'yan gwangwan. Duk wanda ya fashe sai ya yi fus, wani farin gari ya tashi. Matarsa Hansatu ta share. 'Yarsu Hajo, mai shekara biyar, ta bi bayan tsintsiya tana dangwalar garin tana shafawa a kumatu, wai ita hoda. Su yi ta dariya.

Gilasan kuwa kududdufin bayan gari yake kai su, wanda ke gindin tsamiya. Kada ku ɗauka Sallau marar tarbiyya ne. Uwarsa ta hore shi, ko ruwan zafi bai taɓa watsarwa ba sai ya yi bisimilla, don kada ya ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Haka in ya je bakin ruwan sai ya tsaya, ya ce gafara dai masu wuri har sau uku, ya ɗan saurara, sannan ya juye kurar. A ganinsa ya fita haƙƙin kowa.

Da damina ta kankama sai Hajo ta fara canzawa. Hannunta ya kama rawa. In aka ba ta kunu rabi a zani yake ƙarewa. Dasashinta na jini, tafin hannunta ya yi jawur yana saɓa. In an fito da ita rana sai ta rufe ido ta yi ta tsala ihu. Yarinyar da ke cika gida da waƙa ta koma lungu ta yi tsit.

Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. Babu sauƙi. Daga ƙarshe wani mai magani ya buga ƙasa ya ce mutanen tsamiya ne suka kama ta.

Nan ran Sallau ya ɓaci. Ba tsoro ya ji ba, takaici ya ji. Shi da bai taɓa zuwa wurinsu babu sallama ba, shi za a saka wa da haka? Da yamma lis, rana na gab da faɗuwa, ya saka takalmi ya fita. Bai gaya wa Hansatu ba.

Hanyar ba kowa. Abin da ya fara lura da shi, babu kukan kwaɗi. Tsakiyar damina, a bakin kududdufi, amma ko ɗaya. Kan ruwan ya yi wani fari-fari. Gilasan da ya zuba suna nan tuli a gefe.

Sai ya ga wata tsohuwa a tsugune a bakin ruwa, da goyo a bayanta. Ƙoƙo ne a hannunta, tana tsintar wani abu cikin laka da yatsa biyu, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Gefen zaninta na cikin ruwa, amma a bushe yake.

Bai yi sallama ba. Ita ta fara magana.

"Yau babu gafara dai, Sallau?"

Tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba.

Sai ya tuna Hajo. Ya ce mata ya zo ne a sakar masa 'ya. Ya ce bai taɓa zubar da ko tsinke a wurin nan ba sai da ya nemi izini, in akwai mai musu a cikinsu ya fito.

"Babu mai musu," in ji ta. "Gafararka muna ji. Mukan kauce. Ruwan fa, ina zai kauce?"

Ta kwance goyon ta juyo da shi. Sallau bai taɓa gaya wa kowa yadda fuskar yaron take ba. Hannuwan kawai yake faɗa. 'Yan ƙanana, jawur, suna karkarwa. Sak na Hajo.

"Wannan ne na uku. Biyu na riga na binne."

Ta ƙara da cewa:

"Mu ba mu taɓa 'yarka ba. Ko ƙofar gidanka ba mu sani ba. Abin da ke cin nawa shi ke cin taka, kuma a kurarka ya zo."

Ta miƙo masa ƙoƙon. Bai so karɓa ba, hannunsa ne ya miƙe da kansa. Ɗan ƙoƙo, amma nauyinsa ya kusa kai shi ƙasa. A ciki wasu 'yan ƙwallaye ne masu ƙyalli kamar azurfa, suna gudu suna haɗewa da juna. Ta ce wata da watanni tana tsince su ɗaya-ɗaya. Ta ce kada ya zuba a ƙasa, akwai masu kwana a cikinta. Kada ya zuba a ruwa. Kada ya sa a wuta, iska ma da masu shaƙarta.

"To ina zan kai?"

"Naka ne," ta ce, ta koma tsintarta.

Da baya-da-baya ya bar wurin. Bai juya ba sai da ya jiyo kiran sallar magariba daga cikin gari.

Washegari suka ɗauki Hajo sai asibiti. Likitar, wata mace mai faɗa, ta duba bakin yarinyar da hannuwanta, ta tambayi sana'ar uban. Da ya gaya mata sai ta ajiye biro. Ta ce zaiba ce, dafi ne, tana cikin kowane dogon ƙwai, da ya fashe take bin iska ta shiga jiki. Ta ce su bar gidan nan a ranar, a kankare ƙasar tsakar gida. Hansatu ta tuna hodar nan, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

Hajo ta rayu. Amma hannun bai dawo daidai ba. Yanzu ta zama budurwa, har yau uwarta ke riƙe mata kofi.

Sallau ya juye zaibar da ke cikin ƙoƙon a kwalba ya toshe, ya nufi masaƙa da ita. Mai gadi ya hana shi shiga. Da manaja ya fito a mota Sallau ya sha gabansa, mutumin ya sauke gilashi kaɗan ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ya zaga ofisoshi, kowa ya ce ba aikinsu ba ne. Kwalbar na nan cikin akwatin ƙarfe a wani kango da ya kulle, ya rasa inda zai kai ta. Ya taɓa ce wa babana da a ce aljanun ne suka kama 'yarsa, da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya sami wanda zai tsana.

Don haka ku ji da kyau. Kada wanda ya bi hanyar tsamiyar nan shi kaɗai in rana ta yi ja. Sallau ya daina zubawa, amma wasu ba su daina ba. Tsohuwar na nan tana tsinta. In ƙoƙonta ya cika, wanda ta fara gani take miƙa wa, kuma ba ta tambayar ko kai ne ka zuba.