Ruwan Sha Biyun Rana

Ku matso kusa. Sadiku, kashe wayar nan, haskenta na shigar min ido. Kai ne kullum da cika bakin in ka girma komai na gidanka da waya za ka riƙa kunnawa, har fanka, don dai kada ka tashi daga zaune. To buɗe kunnenka. Ni Ladidi kun san ba na ƙirƙira. Matar mutumin ce ta ba ni labarin nan da bakinta, shekarar da na zauna wajen Gwaggo a Funtuwa.

Sunansa Jazuli, mai haɗa wutar gidaje. Ya iya aiki, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya, gaggawa. In ya ga aiki ya kusa ƙarewa, zuciyarsa ta riga ta tafi gida. Matarsa Hanne, 'yarsu ɗaya tak, Rumasa'u, shekararta uku a lokacin.

Wani likita ya gina gida can bayan gari, ta hanyar Bakori, inda da can sai makiyaya ke bi. Babu maƙwabci sai kango biyu. Ya sa sola, saboda haka gidan ba ya sanin an ɗauke wuta. Ranar wata Alhamis ya kira Jazuli, ya miƙa masa wasu 'yan fararen soket guda uku a kwali. Irin waɗanda ake cusawa a bango, a jona kaya a jikinsu, mutum ya riƙa kunnawa da kashewa daga wayarsa ko da yana wata ƙasa.

Jazuli ya zauna ya haɗa su. Ya danna maɓallin kowanne har 'yar fitilarsa ta soma ƙiftawa. Ya haɗa su da wayfai na gidan. Ya raɗa musu suna a cikin manhaja: fitilar waje, injin ruwa, hita. Sannan ya yanka wa kowanne lokacinsa. Likita ya ce hitar wanka a sa ta kama sha ɗaya da rabi, ta mutu sha biyu daidai, lokacin da rana ke da ƙarfi. Kullum, ko da mutum a gidan ko babu.

To a nan aka yi ɓarnar. Hita tana da wani ɗan bututu da ke tofar da ruwa in ya yi zafi fiye da kima. Wajibi ne a kai shi cikin kwata. Jazuli ya duba agogo, ya ga la'asar ta gota. Sai ya huda bangon banɗaki kawai, ya zura bututun ya leƙa bayan gida, ya bar shi yana reto. Da ya yi bisimilla ya gwada, ya ga hitar ba ta tsayawa inda ya kamata, sai ta tafasa, ta yi ta feso ruwa 'yan mintoci kafin ta mutu. Ya zagaya ya duba inda ruwan ke sauka. Gindin wani tsohon suri ne da magina suka baje. Ya gani da idonsa. Ya ce a ransa zai dawo ya gyara, bai kuma gaya wa likita ba.

Kafin su rabu likita ya ce a mayar da komai wayarsa. Jazuli ya mayar, ya goge kansa daga ciki, kamar yadda ake yi. Likita ya kulle gida. A daren ya tashi zuwa Indiya, zai kai mahaifiyarsa a yi mata aiki.

Kun dai ga yadda Gwaggo ke yi in za ta zubar da ruwan zafi. Sai ta yi bisimilla, ta ce a kauce, sannan ta zuba. Walida, ke da kike dariya in ta yi, ina kallonki. A gidan likita wa zai faɗi haka? Soket ba shi da baki.

Juma'a, Jazuli ya tafi masallaci da wuri. Hanne na tsakar gida tana tsince shinkafa. Rumasa'u na barci a kan tabarma cikin ɗaki. Sai ihu. Hanne ta ce ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙara ba. Ta shiga da gudu, ta tarar da ƙafar yarinyar ta hagu ta saɓule daga gwiwa zuwa idon sawu. Babu wuta a ɗakin. Babu buta, babu fulas. Tabarmar ma a bushe take.

Da ya dawo daga masallaci ya sauke mata kwandon faɗa. Ya ce sakaci ne, ta ƙona masa 'ya tana ɓoyewa. Ta rantse har ta gaji. Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo, har ranar da take ba ni labarin sai da ta share ido.

Asabar bai fita ba. Suna asibiti, yarinyar na kwance a cinyarsa, yana yi mata fifita da kwali. Sai ya ji ta sandare. Ta buɗe baki. Yana kallo fatar bayanta ta yi ja, ta kumbura, ta tashi ƙuraje manya manya cike da ruwa. Hannunsa na kanta. Babu abin da ya taɓa ta. Ta yi ta ihu, ma'aikata suka taru, sai kuma ta yi ɗif, lokaci ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Sha biyu daidai.

Nan ya gane. Shi ya yanka wannan lokacin da yatsansa.

Ya kira likita mai gidan, waya a kashe. Ya sake kira, ya aika saƙo, shiru. Ya buɗe manhajar ya nemi shiga, ta ce kayan na wani ne. Ya haddace lambar sirrin wayfai, amma ba ta da amfani tunda ya goge kansa. Ya nemo ƙanen likita a Kano, wanda aka bar wa makulli. Mutumin ya ce ba zai samu zuwa ba sai Litinin, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa ƙofar yayansa. Ƙofar ma ta ƙarfe ce mai kauri, tagogi duk da sanduna. Tsakaninsu da Litinin akwai Lahadi. Jiya ƙafa, yau baya. Ya san inda na gobe zai sauka, saura kai. Ma'aikaciyar jinya kuma ta ja shi gefe ta ce masa jikin yarinyar ba zai ɗauki wata ƙunar ba.

Da yamma ya durƙusa gaban Hanne ya faɗa mata komai. Ba ta zage shi ba. Ta ce ya nemi malami su je tare, ko aƙalla ya ɗauki yayanta. Ya ƙi. Kunya ce, ba jarumta ba, ba ya son a ji a gari cewa aikinsa ne. Ya ce abu ne mai sauƙi, bokiti zai kai ya tara ruwan. Ni dai da ina wurin da na mare shi.

Lahadi ya hau babur shi kaɗai, da bokitin ƙarfe a ɗaure a baya. Ya isa sha biyu saura kwata. Rana tsaka. Kun san ba dare ne kawai lokacin mutanen ɓoye ba, tsakar rana ma nasu ne. Babu tsuntsu. Babu ko akuya. Ya kashe babur, sai ya ji ƙarar hitar ta cikin bango, tana gurnani ƙasa ƙasa. Ta riga ta kama.

Ya zagaya bayan gida.

Akwai mace a zaune. A ƙasa, daidai ƙarƙashin bututun. Ta ba shi baya. Baƙin zane, kai babu ɗankwali. Tana rungume da wani abu tana jijjigawa.

Ya yi sallama. Ya ga haɓarta ta motsa. Amma amsar daga bayansa ta fito, dab da kunnensa, har ya ji hucin. Ya waiga. Babu kowa.

Ya sunkuyar da kai don kada ya ga fuskarta. Da ma bai sunkuya ba. Ƙafafunta sun leƙo ta ƙarƙashin zanen. Kofato ne, ƙanana, a tsage, irin na akuya. Ɗaya na bubbuga ƙasa a hankali. Kusa da su ƙafar jariri ta zubo daga cikin tsumma. Ta hagu. A saɓule daga gwiwa zuwa idon sawu.

"Kai ne mai zuba ruwa?" in ji muryar.

"Ba ni ba ne, Baba. Na'ura ce."

"Wa ya umarce ta?"

Muryar ta ci gaba.

"In ɗan Adam zai zuba, yana ambaton Allah. Mu ji, mu kwashe yara. Kwana biyu muna saurare. Babu wanda ya yi magana."

Ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya ba ta haƙuri, ya ce kuskure ne, gobe za a zo da makulli a cire abin gaba ɗaya. Ya roƙe ta don girman Allah ta ɗan matsa da jaririn gefe, na yau kawai.

"Jego nake," ta ce. "Nan ne ɗakina. Kafin a yi bangon nan muna nan."

Sai ya tura bokitin gaba, ya ce to bari ya tara.

Kofaton ya daina bugu.

"Bokiti bai yi laifi ba."

Bututun ya soma ɗiga. Ɗigo ɗaya, ya yi hayaƙi a ƙasa. Wani ɗigon.

"Na yau a fata zai sauka," ta ce. "In ya sauka a kan nawa, ya sauka a kan taka. Na ukun ba ya barin rai."

Ummita, saki hannuna, kina min ciwo.

Jazuli ya ce a lokacin bai yi tunanin komai ba. Ya dai ga cewa da hannun dama ya huda bangon. Ya naɗe hannun riga. Ya matsa har yana jin warinta, wari irin na ƙasar da aka daɗe ba a tona ba. Ya miƙa hannun a saman kan jaririn, ya buɗe tafi a bakin bututun, ya karkata shi yadda ruwan zai gangaro ta wajensa. Ya ce bisimilla. Ya ce a kauce.

Ruwan ya zo.

Minti huɗu ne, in ji shi. Ya cije leɓe har ya huda shi. Ya ji hannun yana son guduwa da kansa, sai ya kama shi da na hagu ya riƙe. Yana kallon fatar tana naɗewa. Bai yi ihu ba, don jaririn ya yi barci, yana jin numfashinsa a ƙasa. Can ya ji ƙas daga cikin gida, soket ya kashe kansa. Gurnanin ya tsaya.

Da idonsa ya washe babu mace, babu jariri. Inda ta zauna a bushe yake. Sai wani ɗan ƙulli na baƙin tsumma a ajiye.

"Na yarinya ne," muryar ta ce a kunnensa. "Ba naka ba."

Bai iya tuƙa babur ba. Da ƙafa ya fito titi, wani mai motar itace ya tsince shi. A asibiti ya tarar da Rumasa'u zaune tana shan kunu. Sha biyu ta yi ta wuce tana barci, ko motsi ba ta yi ba.

Abin da ke cikin ƙullin jar ƙasar suri ce, ba ta fi cikin cokali biyu ba. Hanne ta kwaɓa da ruwa, ta shafa wa yarinyar a ɓoye. Kwana uku ƙunar ta bushe ta zube. Ko tabo babu. Na ga ƙafar da idona, sumul. Ƙasar ta yi saura kaɗan. Hanne ta yi kuka ta roƙe shi ya bari ta shafa masa, ya ce in ta matso da ita zai bar mata gidan. Da ya samu sauƙi ya ɗauki ragowar ya mayar a gindin surin, wannan karon da liman da mutum biyu.

Litinin ƙanen likita ya zo ya zare soket ɗin. Aikin daƙiƙa ɗaya.

Hannun Jazuli bai koma ba. Yatsu huɗu sun manne wuri ɗaya, ba ya iya riƙe ko sukundireba. Ya bar aikin wuta, yana sayar da ƙwan fitila a bakin kasuwa da hannun hagu. Kuma har yau, kullum, in sha biyu ta kusa, hannun sai ya ɗau zafi kamar yanzu ake zubawa. Minti huɗu, sannan ya lafa.

Rumasa'u ta girma, ba ta tuna komai. Ta dai taso ta ga babanta na neman ruwan sanyi kafin azahar. Ita ke kawo masa a kwano, ta riƙe masa hannun a ciki har abin ya wuce. Wata rana ina zaune ta tambaye shi.

"Baba, wai me ya same ka a hannun nan?"

Ya ce, "Gaggawa na yi a wajen aiki."

Ta yi dariya ta ce ai ga shi nan ya ja wa kansa. Ya ce haka ne. Hanne ta tashi ta shige ɗaki.

Gidan na nan, likita ya sayar, wanda ya saya ma bai zauna ba. In Allah ya kai ku Funtuwa kuka bi hanyar Bakori, kada wanda ya zagaya bayansa shi kaɗai, balle da tsakar rana. In kun ji an amsa muku sallama daga baya, kada ku dubi ƙasa. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta. Sadiku, raka Ummita ɗaki, ba za ta iya ita kaɗai ba.