Santimita Huɗu

"Baba... ka ce bai dawo da su ba?"

Don Evaristo bai ko ɗago kai daga allon zamiyar ƙanƙara da yake wasa wa baki ba. Ya ce yaron nan Ulises ya karɓi allunansa jiya da yamma, ya yi godiya, ya saɓa a kafaɗa ya tafi. To me zai dawo yi?

'Yarsa Nerys ta ajiye ƙoƙon shayin da ke hannunta. Tun da gari ya waye take zaune tana kallon ƙofar shagon, tana jiran Ulises ya banko ta da fushi, ya jefar mata da allunan a gabanta, ya tambaye ta me ta yi masa. Ta shirya kukan da za ta yi, ta shirya roƙon. Ga shi ƙarfe tara ta wuce, ƙofa shiru.

Duk wanda ya tashi a garin Esquel ya san allon zamiya a kan dusar ƙanƙara ba ya bauta wa iyayengiji biyu. Idan filin tsalle za ka, a tsakiyar allo cif ake huda a kafa mariƙin takalmi, gaba da baya su zo daidai, don ka juya a sama ka dira da baya ba tare da allon ya yi maka gardama ba. Idan kuwa saman dutse za ka, inda dusar ƙanƙara ke kai wa mutum ƙugu, sai a ja mariƙin baya, hancin allo ya yi tsawo ya riƙa tasowa. Masu son a sa musu tsakanin nan da can, Don Evaristo kan dube su ta saman tabarau ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Kuma dokar shagonsa ɗaya ce tun kafin a haifi Nerys: mai allo ne ke ja layi da fensir, mai huda ya bi layin. Mai huda ba ya da ra'ayi.

Ulises alluna biyu kacal ya mallaka, na ƙafar dama da na hagu, kuma an riga an huda su sau biyu. Hudawa ta uku ita ce ta ƙarshe, bayanta katakon ciki ba ya sake riƙe kusa. Hanyoyi biyu ne a gabansa a wannan watan na Agusta, lokacin hunturu a nan kudancin duniya: gasar tsalle ta yau Asabar, wadda mutum uku na farko za su bi wata ƙungiya zuwa ƙasashen arewa, ko jarrabawar masu ceto a saman dutse, aikin da zai zaunar da shi a gari. Shekara uku suna tare da Nerys, ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa ya zauna ba. Jiya da rana ya aiko da allunan, layin fensir a tsakiya.

Kuma ba kowa ya kawo su ba sai Candela, 'yar tsalle, wadda ta riga ta samu gurbi a ƙungiyar. Ta ajiye su a kan teburin, ta gyara gashinta a madubin gwada hula, ta ce, "Ki huda da kyau, ƙawata. Gida ɗaya aka kama mana a can, ni da shi. Wata biyar. Za mu riƙa turo miki hotuna."

Da ta fita, Nerys ta daɗe tsaye da injin huda a hannu. Sannan ta goge layin da babban yatsa, ta auna santimita huɗu baya, ta huda. Ta zuba gam, ta ɗaure kusoshi, ta manna takardar sunan shago a kan shaidar tsakiyar allon don kada ido ya kama. A lissafinta, da ya sa ƙafa zai ji, ya janye daga gasar, ya zo su yi faɗa, daga nan kuma ba shi da allon da zai yi komai da shi sai jarrabawar ceto. Son zuciya, in ji masu magana, ɓacin zuciya. Abin da ba ta lissafa ba shi ne ya ƙi ganewa.

"Gara ma ya tafin," Don Evaristo ya ce, yana hure ƙurar ƙarfe. Dama shi bai taɓa ƙaunar Ulises ba, cewa yake mutumin da ke gangarowa dutse da baya ba zai iya riƙe gida ba. "Har da zuwa mini nan shekaranjiya da hula a hannu. Wai ya sa ƙungiyar ta yarda ta ɗauke ki mai gyaran alluna, in ya ci ku ɗaura aure ku tafi tare. Na ce masa 'yata ba jakar kaya ba ce."

Nerys ta ji kamar an zare mata ƙasa.

"Ni... ni ya ce zai tafi da ni?"

"Na ce kada ya kuskura ya faɗa miki sai ya ci. Ke, lafiya? Ina za ki?"

Nerys ta miƙe. Ta fizgi makullin tsohuwar motarsa daga jikin ƙusa, ta ɗauki takalmanta da allunanta, ta fita. Ƙarfe goma sha ɗaya za a fara zagayen ƙarshe, a kan babban tudun tsalle, kuma ta san tsallen da Ulises ya ɓoye don yau: da baya yake tashi, da baya yake dira. Da allon da wutsiyarsa ta gajarta, a kan gwiwar da aka yi wa aiki bara.

Ta kira wayarsa sau bakwai a hanya. A kashe, kamar yadda yake yi duk ranar gasa. Hanyar hawa dutsen ta daskare, motoci sun jeru ana ɗaura wa tayoyi sarƙa, ita kuma ta durƙusa cikin ƙanƙara tana ɗaura nata da yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa, hawaye na daskarewa a kumatunta. Addu'a ɗaya take maimaitawa: Allah ya sa Ulises ya tsane ta, amma da ƙafafunsa biyu.

A gindin dutse layin masu jiran kujerun igiya da ke hawa da mutane sama ya kai har wurin ajiye motoci. Ta kutsa ta gefe, mutane na zaginta, ta roƙi mai tsaron ƙofar, wani tsohon abokin babanta, ya dubi fuskarta ya buɗe mata ba tare da tambaya ba. Kujerar nan kuwa ranar kamar da gayya take tafiya. Sau biyu tana tsayawa a sama. Daga can Nerys tana hango filin, tana jin mai lasifika yana kiran lambobi, sha huɗu, sha biyar. Ulises sha tara ne.

Da ta sauka, ta gangara kamar mai gudun mutuwa.

Ta same shi a bakin layin tashi, ya sunkuya yana murza gwiwa, saura mutum ɗaya a gabansa. Candela na gefe tana riƙe masa rigar sanyi. Da ya ga Nerys fuskarsa ta washe, irin murmushin da ya sa ta fara son shi.

"Kin zo, rabin raina. Na ɗauka Don Evaristo ya kulle ki."

"Kada ka yi tsallen nan."

"Me ya faru?"

"Ulises, cire allunan. Don Allah ka cire."

Ya yi dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta, tsoro ne kawai, shi ma yana ji. Ya ce tun safe ba ya gane kansa, sau uku yana faɗuwa a ƙananan tudu wajen gwaji, duk dirar da ya yi da baya sai ya ji kamar ana jan shi. Gwiwar ce ke masa wasa da hankali, amma in ya hau babban zai warware.

Mai lasifika ya kira sha takwas.

Nerys ta zube a gabansa, ta sa farce ta ɓare takardar da ta manna. Shaidar tsakiya ta bayyana, ga takalminsa can baya da ita.

"Ba gwiwarka ba ce," ta ce. "Ni ce. Na goge layinka. An ce mini da Candela za ka tafi... na kasa, Ulises, na kasa..."

Candela ta ajiye rigar a kan ƙanƙara, ta sulale cikin jama'a. Babu wanda ya kula ta.

Ulises ya daɗe yana kallon allon. Bai yi ihu ba, da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Tun safe nake zagin gwiwata," ya ce a hankali. "Na zagi tsorona. Na ce ƙila ni ne ban isa ba, babanki ya yi gaskiya. Ko sau ɗaya bai zo mini in duba aikinki ba, Nerys. Ko sau ɗaya."

"Ka yafe mini, masoyina. Baba ya faɗa mini komai, sai yanzu na sani..."

"Da kin tambaye ni."

"Na ji tsoron amsar."

"Sai kika amsa mini da injin huda."

Aka kira sha tara. Wani daga cikin 'yan gasar ya miƙo nasa allunan, amma mariƙin bai zo daidai da takalmin Ulises ba, kuma babu lokacin gyara. Aka sake kira. Ulises ya ɗaga sandunansa biyu ya gicciya su sama da kansa, alamar ya janye. Sannan ya juya ya gangara ta gefen fili, a hankali, fuskarsa na kallon gaba kamar kowa. Nerys ta bi shi tana kiran sunansa har muryarta ta dushe, bai waiwayo ba.

Ta je gidansu ranar, da washegari, da ranar da ta biyo. Mahaifiyarsa ce ke fitowa, ta ce ba ya nan, alhali takalmansa na bushewa a gefen murhu. Don Evaristo da ya ji abin da 'yarsa ta yi bai daka mata tsawa ba, ya dai karɓe injin huda ya sa a akwati ya kulle, kuma abin mamaki, shi da kansa ya taka har gidan su Ulises ya ba shi haƙuri. Ya dawo yana cewa ashe yaron mutum ne. Da na sani ƙeya ce, har ga tsofaffi.

Bayan mako biyu Ulises ya shiga jarrabawar ceto da allunan nan. Dusa ta sauka kwana uku a jere kafin ranar, kuma waɗanda suka gani sun ce babu wanda ya sauko kwazazzabon kamarsa, hancin allonsa na tasowa kamar don wurin aka huda shi. Shi ya zo na ɗaya. A watan Nuwamba ƙungiyar ta tashi zuwa arewa da Candela da wasu uku.

Ulises ya zauna a Esquel. Abin da Nerys ta nema ke nan, kuma ta samu.

Yanzu duk safiyar hunturu yana wucewa ta gaban shagon cikin jar rigar masu ceto. Idan ya tarar tana share ƙanƙarar bakin ƙofa yakan rage tafiya ya ce, "Ina kwana, Nerys. A gaida Don Evaristo." Ta ce zai ji. Babu fushi a muryarsa, haka yake gaida mai burodi.

Ranar Juma'a ta gan shi da alluna a kafaɗa, bakinsu ya dakushe, suna neman wasawa. Ta jingine tsintsiya, ta goge hannu a jikin riga, ta buɗe ƙofar shagon sosai.

Ya gaishe ta, ya tsallaka titi, ya shiga shagon gyaran alluna da ke kallon nasu.