Lambobin Wayar Talatu

Ana cikin kiran sallar magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon gidan Zubair da ke unguwar Dubeli a Jimeta. Ya leƙa waje, ba kowa. Da ya dawo sai ya tarar da 'yarsa Yusrah zaune a gindin murhu, tana jero lambobin waya da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. Yarinya ba ci ba sha, tana ta ƙarewa a gaban idonsa.

Zubair kuwa da lambobi yake cin abinci. Wani kamfanin sayar da magani ta waya yake wa aiki, kuma shi ya kawo musu dabarar da ta ɗaga shi: manhajarsu ta leƙa wayar mai saye, in ta ga yana yawan magana da masu hali, sai ta ƙara masa farashi. Ya sha bugun ƙirji da wannan a majalisa, sai ka ce masallaci ya gina.

Rana ta huɗu matarsa Hafsah ta sa aka ɗauko Modibbo Bobboyi daga Yola. Tsohon ya zauna ya yi ta karatu a hankali, har muryar ta gaji ta amsa.

Ashe aljani ne. Ya ce a da a tsamiyar gidan wata mata Talatu yake zaune a Madagali, ya biyo ta gudun hijira shekarar da aka ƙone garin. A Jimeta wankau ta kama a gidajen masu hali na unguwar Karewa, kowace safiya sai ta kira hajiyoyi ta ji ko akwai kayan wanki. Ranar da asma ta shaƙe 'yarta tilo, ta nemi magani a manhajar, manhajar ta ga waɗannan lambobin, ta nuna mata ninkin farashin da ta nuna wa maƙwabciyarta. Talatu ta fita neman ciko. Kafin ta dawo yarinyar ta cika, ita ma ba ta yi arba'in ba ta bi ta.

 Zubair bai taɓa jin sunan matar ba, wannan ya fi komai ba shi tsoro.

Modibbo ya yi tayin rago da turare. Muryar ta yi dariya.

"Na leƙa wayarsa yadda ya leƙa tata. Mutum ɗari takwas. Mai jama'a haka ba rago zai biya ba. Ko 'yar, ko jama'ar."

Modibbo ya ɗaga hannu ya ce a dakata, amma Zubair ya riga shi. Ya ce a ɗauki jama'ar, a bar masa 'yarsa.

Yusrah ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta nemi ruwa. Hafsah ta rungume ta tana kuka. Can ta ɗago ta ga Zubair, ta yi maza ta ja mayafi, ta tambayi Modibbo ko baƙon nan tare suke. Yusrah ma ta ɓuya a bayan uwarta.

Zubair ya ciro waya. Lambobin duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya kira mahaifiyarsa a Demsawo.

"Dada, ni ne, Zubair."

Tsohuwar ta ce cikin ladabi, "Ɗan nan, ɗan gidan wa?"