Baffa Ya Tafi Kudu

"Yau ba zan bar garin nan ba sai da ita, Suhaibu."

Muryar Inno ce, mahaifiyar Rauda, daga tsakar gida. Rauda tana kwance a ɗaki, harshenta ya kumbura inda ta cije shi, kanta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ba ta san yadda aka dawo da ita gida ba. Maƙwabciyarsu Talatu ce ta gaya mata cewa sun fita da hantsi za su barkar haihuwa a tsallaken kanal, 'yarta Sa'adiya na goye a bayanta, sai farfaɗiya ta kayar da ita. Taku biyu ya rage su faɗa ruwa. Talatu ce ta fizge yarinyar. Matan da ke wanki a wurin baya suka ja, wai kada yawunta ya taɓa su.

"Ki yi haƙuri, Inno," in ji Suhaibu, mijin Rauda. Ko ba ta gani ba ta san a tsugune yake, kansa a ƙasa. "Laifina ne. Maganinta ya ƙare shekaranjiya, ban-ruwan tumatir ya hana ni shiga Kano. Ga shi yau na sayo."

"Kai tun asuba kana gona. Wa zai tsare min ita? Yau kanal ne, gobe murhu. A Bunkure ga ni, ga matan yayyenta."

"Idan ta je Bunkure me za mu ce mata, Inno? Ta shiga gida ta ga ɗakin Baffa a rufe, ta ga sandarsa a jingine..."

"Rage murya."

"A nan ma da ƙyar nake iya kallon idonta in ce ya tafi kudu da shanu. Shekara biyu fa ke nan da rasuwarsa."

Rauda ba ta ji sauran ba. Wani sanyi ya taso mata daga tafin ƙafa. Ta dafa bango ta zauna, tana jiran warin nan na ƙonannen gashi da take ji duk lokacin da ciwon zai tashi. Bai zo ba. Zuciyarta ce kawai ke duka.

Shekara uku ke nan da sanƙarau ya kwantar da ita, tana amarya. Ta tashi, amma ya bar mata farfaɗiya, ya kuma bar mata abin da ya fi ba ta tsoro. Yarintarta tana nan daram. Tana tuna mahaifinta Baffa Giɗaɗo ya ɗora ta a wuya suna tsallake ruwa, tana tuna sunan kowace saniya a garkensu. Daga 'yanmatancinta zuwa yau kuwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ba ta tuna ranar aurenta. Ba ta tuna naƙudar Sa'adiya. Duk faɗuwa mai tsanani sai ta tafi da wani abu, kuma ba ta sanin me ta tafi da shi.

Ta ɗaga labule ta fito, zaninta har yanzu da laka.

"Wa ya rasu?"

Suhaibu ya miƙe zumbur. Inno ta sunkuyar da kai tana jijjiga Sa'adiya a cinyarta.

"Auta, koma ki kwanta," in ji Inno.

"Na ji da kunnena, Inno. Baban Sa'adiya, kai nake tambaya. Ina Baffa?"

Ya dubi surukarsa, ya dubi matarsa.

"Allah ya yi masa rasuwa, Rauda. Da damina, shekara biyu da suka wuce."

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Satin da ya wuce ma ta ƙulla goro a leda ta ba shi, ta ce idan ya samu mai zuwa kudu ya aika wa Baffa. Ya karɓa ya sa a aljihu.

"Ba ku gaya min ba..."

"Sau huɗu muna gaya miki," in ji Inno. "Kowane karo sai ki yi kuka kamar ranar aka yi. Bayan wata biyu ko uku ki sake tambaya. Na ƙarshen sau uku kika faɗi a wuni ɗaya, muka kwana biyu a asibiti a Kano, ba ki san wanda ke kanki ba. Ni na sa yaron nan ya yi min alkawari. Kada ki ga laifinsa."

Inno ta saɓa jikarta ta shiga gidan Talatu, don kada su ga hawayenta.

Suhaibu ya ɗebo ruwa a moɗa, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya miƙa mata. Ta sha. Da ya kai hannu zai riƙe nata sai ta janye.

"Me kuma kuka ɓoye min?"

"Babu komai, Raudata."

"Sa'adiya ita ce 'yata ta fari?"

"Ita ce."

"Ka tabbata? Babu wani da na haifa kafin ita? Babu wanda na faɗi da shi a ruwa, ko a wuta, kuka ce kada a gaya min?"

"Innalillahi... Rauda, wallahi babu."

"Ta yaya zan sani?"

Kafin ya amsa ta ci gaba.

"Ni ba ni da inda zan duba. Abin da ka ce shi ne. Ka ce kai ne mijina, na yarda. Ka ce ni na zaɓe ka, na yarda. Yanzu idan ka yi magana sai in tsaya ina tunanin ko gaskiya ce ko lallashi. Ina jin tsoro, Baban Sa'adiya. Ina tsoron in farka wata rana in ga yarinyar nan in tambayi 'yar wace ce." Ta share majina da bakin mayafi. "Ka sawwaƙe min kawai. Ka riƙe 'yarka kafin in kashe ta."

Ya zauna a gabanta a kan turɓaya, bai damu da fararen kayansa na shiga birni ba.

"Wannan kalmar kada ki sake faɗa min ita. A bakin injin casar shinkafa na Kura na fara ganinki, kin kawo nono. Na saya ba don ina sha ba, nono ma ɓata min ciki yake yi. Sati bakwai ina saya ina bai wa masu dako. Ranar da kika gane, kika yi dariya har ƙwarya ta kusa suɓuce miki."

"Ba na tunawa."

"Na sani. Ni kuma tsoron da nake ji, kullum ina gona kunnena na wajen hanya, ko wani zai zo da gudu ya ce min ki... Ranar da kika faɗi sau uku, na ɗauka shi ke nan. Shi ya sa da Inno ta ce a ɓoye ban yi musu ba. Amma duk ranar da kika ba ni saƙo in kai wa Baffa, abinci ba ya wuce min a wuya."

Ta daɗe tana kallonsa. Ya rame, sai yanzu ta lura. Ruwan gona ya tsattsage masa ƙafafu.

"Zan sake mantawa, ko?"

"Wataƙila."

"To idan na tambaya ka gaya min gaskiya. Ko sau ɗari ne. Ubana ne. Ya kamata in yi masa addu'ar mamaci, ba in riƙa aika masa goro ba."

"Idan ciwon ya tashi fa?"

"Ka riƙe ni. Amma kada ka yi min ƙarya."

A bayan katanga ana jin Sa'adiya tana gwaranci.

"Na yi miki alkawari, masoyiyata."

Da Inno ta dawo ya sake tsugunawa a gabanta, ya roƙe ta ta yafe masa alkawarin da ya ɗaukar mata. Ba ta ji daɗi ba.

"Idan wani abu ya same ta a hannunka fa?"

"Ni na roƙe shi, Inno," in ji Rauda. "Ba zan iya zama a gidan da ban san gaskiyar abin da ake faɗa min ba."

Inno ba ta tafi da ita ba. Washegari ta aika Bunkure aka kawo mata kayanta, ta tare a ɗakin da ake ajiye buhunan shinkafa. Girki ya koma hannunta. Rauda ta daina goyo sai a zaune, ta daina bin hanyar kanal. Magani kuwa, Suhaibu ba ya bari ya kai saura na kwana goma bai shiga Kano ba. Faɗuwar ta ragu. Wata uku suka wuce lafiya, a na huɗu ta faɗi sau ɗaya a bakin ƙofar ɗaki.

Kwana shida bayan wannan, da safe, Suhaibu yana ɗaure kwandunan tumatir a bayan babur, Rauda tana tsince shinkafa a faifai. Ta ɗago tana murmushi.

"Baban Sa'adiya, Baffa ya kwana biyu bai leƙo mu ba. Ko ka ji labarinsa a kasuwa?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Inno, da ke bakin murhu, ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Daga nan ta janye itacen ta yayyafa wa wutar ruwa, ta ɗauki Sa'adiya ta fita.

Ya shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da turmi da duwatsun murhu, ya ajiye matashi. Rauda ta ga fuskarsa, ta ajiye faifan.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Zo ki zauna kusa da ni. Akwai abin da kika sa ni na yi miki alkawari."

Ya riƙe hannayenta biyu ya gaya mata. Ta kifa kai a ƙirjinsa tana kuka, shi kuma idonsa na kan yatsunta, yana jiran ya ga ko za su ƙanƙame. Rana ta ɗaga, tumatir na jira a bayan babur. Yatsun ba su ƙanƙame ba.

Can ta ɗago da jajayen idanu.

"Na samu ganinsa kafin ya cika?"

"Kansa a cinyarki yake. Ke kika ba shi ruwa na ƙarshe, ke kika laƙƙana masa kalmar shahada. Ya ce Allah ya yi miki albarka, Auta."

"Da gaske?"

"Da gaske."

Ta binciki idonsa, bai kawar ba. Sai ta ɗaga tafukan hannunta sama, shi ma ya ɗaga nasa.

"Allah ya jiƙan Baffana," ta ce.

"Amin," in ji Suhaibu.