Kwanar da Babu Ita a Ƙasa

"Ja motar! Ja, ko in watsa ƙwaƙwalwarka a jikin gilashin nan!"

Bakin bindiga ne a kunnen Mai-Ƙwai, da zafinsa. Minti biyu da suka wuce yana sauke wa mai shago kiret-kiret na ƙwai, rana tsaka. Sai harbi ya tashi daga shagon zinaren da ke tsallaken titi. Tau! Tau! Mai gadin wurin ya samu direban 'yan fashi a wuya, motarsu ta daki turken wuta ta tsaya. Mutum biyu suka fito a guje da jaka, suka faɗa motar da suka tarar a kunne. Tasa.

Wanda ke tsakiya ƙato ne mai tabo a leɓe, shi ne ogan, Gatari ake ce masa. Na bakin ƙofa siriri ne mai tabarau, waya a hannunsa. Injiniya, mai tsara musu hanya.

"Ina muka nufa?" in ji Gatari.

"Miƙe kawai, Oga. Tsarin bai canza ba."

Muryar mace ta fito daga wayar, a natse kamar ba a duniyar nan take ba: "Ci gaba kilomita shida, sannan ka yi dama zuwa babbar hanya."

Mai-Ƙwai ya saci kallon shuɗin layin da ke kan wayar.

"Ranka ya daɗe... babu kwana a wurin nan."

"Me ka ce?"

"Wallahi babu. Babbar hanyar ta sama take wucewa, a kan gada. Wannan titin ta ƙarƙashi yake shiga, ya mutu a bakin kududdufi. A waya ne kawai suka haɗu."

Injiniya ya yi wata 'yar dariya. "Ji ɗan iska! Kai ka fi tauraron ɗan'adam sani? Ga ta nan ɓaro-ɓaro, mahaɗa, har da lambar hanya!"

"Shekara tara ina ɗaukar ƙwai a hanyar nan. Mai ɗaukar ƙwai ko ramin ɓera ya sani a titi. An so yin kwanar, aka zuba ƙasa, aka watsar. Sau uku ina aika musu gyara ta waya, sai dai su ce sun gode."

Gatari ya juyo a hankali ya dubi Injiniya. Yana da doka guda a sana'arsa, kowa ya san ta: hanyar da ƙafa ba ta taka ba, taya ba ta takawa.

"Na aike ka shekaranjiya. Ka je?"

"Na je, Oga."

"Da ƙafarka?"

"Da ƙafata. Na hau kwanar, na sauko."

Ƙarya ce. Shekaranjiya a ɗakinsa ya wuni ƙarƙashin fanka, yana matsa taswira da yatsa biyu.

*

A bayansu da nisa, jiniyar motar 'yan sanda na kuka. Sufeto sabon zuwa ne a yankin, sati uku kacal. Kofur ne ke tuƙi, wayarsa a manne jikin gilashi.

"Yallaɓai, farar motar ƙwai ce, titin gidan bulo suka bi. Kar mu bi ƙurarsu. Mu hau babbar hanya mu tare su a mahaɗa."

"Akwai mahaɗa?"

"Ga ta nan a taswira."

"To taka! Mu riga su!"

*

Wayar Mai-Ƙwai ta ɗauki ƙara a aljihu. Gatari ya zaro ta, ya duba. Maman Yara.

"Amsa. Ka yi tari ɗaya da ban gane ba, ta zama bazawara."

Ya danna, ya saka a lasifika.

"Baban yara, kana jina? In akwai fasassu ka taho mana da su, kar ka sake rabar wa mutanen titi kamar jiya."

"To."

"To kawai? Yau kuma bakin ya yi nauyi? Ko wata ce a gefenka?"

Wani rami ya jijjiga motar. A baya kiret suka kife, ruf! Ƙarni ya cika gaban motar.

"Akwai fasassu," in ji Mai-Ƙwai. "Da yawa. Ki... ki kula da yaran."

Gatari ya kashe, ya cilla wayar ta taga.

Gidan bulo ya bayyana a gaba. Daga gefensa wata hanyar ƙasa ta yi hagu.

"Ranka ya daɗe, ga hanyar gaskiya nan. Ita ce ke fita babbar hanya. In muka wuce ta, shi ke nan."

Injiniya ya tura wayar gaban Gatari da sauri. "Oga duba! Duba abin da ke kanta! Ofishin 'yan sanda! Hannunsu zai kai mu!"

"An tashe shi tun bara! Wurin wankin mota ne yanzu! Na rantse da..."

"Rufe baki!"

Gatari ya dubi wayar. Ya dubi hanyar ƙasar. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ga zane mai kyau da rubutu a tsare, ga kuma wani talaka mai ƙarnin ƙwai da bai taɓa gani ba.

"Miƙe."

Hanyar ta wuce ta madubi. Mai-Ƙwai ya bi ta da ido har ta ɓace.

"Ɗayanku maƙaryaci ne," in ji Gatari. "In mun isa, wanda ya yi ƙaryar a can zai kwana."

Titin ya fara tsukewa. Kwalta ta koma tsakuwa. Ciyawa ta fito a tsakiyar hanya. Mai-Ƙwai na karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, rabi da rabi. Ya san gaskiyarsa za ta fito nan da minti ɗaya, ya kuma san ya ga fuskokinsu, ba za su bar shi da rai ba. Ta wutsiyar ido ya hango hannun Injiniya ya bar wayar a cinya, yana lallaɓawa zuwa ƙugu.

"Nan da mita ɗari biyu, ka yi dama."

Gadar ta taso a gabansu, doguwa, ta rufe rana. Suka shiga inuwarta.

"Ka yi dama."

A dama, ginshiƙin kankare ne, sai tudun jar ƙasa mai tsawon bene, ƙaya ta lulluɓe shi. A gaba, koren ruwa. Mai-Ƙwai ya taka birki. Motar ta ja tsakuwa ta tsaya, hancinta a bakin kududdufi.

"Ka yi dama," matar ta sake cewa.

*

A saman gadar, Sufeto na tsaye yana juyi. Shingen ƙarfe hagu, shingen ƙarfe dama. Manyan motoci na wucewa fuu! fuu!

"Kofur, ina mahaɗar?"

"Yallaɓai... ta ce mun iso."

"Ta ce! Uwarka ce ita? Ka kawo ni tsakiyar sama in tare tsuntsaye?"

"A yi haƙuri, yallaɓai."

"Shiga mu juya! Sun tsere!"

*

A ƙasa, su ukun sun daskare. Suna jin ƙarar oba-obar 'yan sanda daga samansu, da takun takalmi. Gatari ya ɗora yatsa a leɓe. Ya ajiye bindigarsa a cinya, a hankali. Ya zaro wuƙa daga safa.

"Ka hau kwanar," ya raɗa. "Ka sauko."

"Oga, tsaya ka ji, wallahi taswirar ce..."

"Da ƙafarka."

Ya juya da wuƙar.

Daram!

Harbin ya tashi a cikin motar kamar an fasa duniya. Gatari ya faɗo jikin Mai-Ƙwai, nauyinsa ya danne giyar motar. Jini mai ɗumi ya wanke masa wuya. Injiniya ya juyo da bakin bindiga kansa, jijiyoyin wuyansa a miƙe, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Mai-Ƙwai bai ji komai ba. Wani dogon fito ne kawai a cikin kansa.

A sama, ƙafar Sufeto ɗaya na cikin mota. Ya tsaya cak. Ya ruga bakin shinge ya leƙa.

"Ga su nan! A ƙarƙashinmu! Kofur, taya!"

Tau! Tau! Tau! Motar ta durƙusa gefe guda. Injiniya ya waiga. Daidai nan Mai-Ƙwai ya ja hannun ƙofa ya zube ƙasa, ya rarrafa bayan ginshiƙi, ya ɗaga hannu biyu yana ihun da shi kansa ba ya ji.

"Direba ne ni! Ƙwai nake kaiwa! Ƙwai!"

Injiniya ya fizgi jakar ya fita ta ɗaya ƙofar. Babu dama, babu gaba. Ya kama tudun ƙasar da hannu ɗaya, ƙaya na yagar sa, ya hau taku biyar, ƙasar ta zame da shi. Ya sake hawa. Harsashin Kofur ya same shi a cinya. Ya gangaro har bakin ruwa, tabarau a fashe, sarƙoƙi da awarwaro sun watse cikin laka.

*

Mutum biyu aka binne: direban da aka harba a gaban shago, da Gatari. Injiniya ya rasa ƙafar kafin a kai shi kotu. Mai-Ƙwai ya kwana huɗu a bayan kanta, sai da mai shagon da yake sauke wa kaya ya zo ya dafa littafi ya rantse aka sake shi. Likita ya leƙa kunnensa na dama ya girgiza kai. Mai gonar kajin da yake yi wa aiki ya yi masa jaje, ya ba shi hannu, ya ba wani makullin sabuwar mota.

Wata guda bayan nan, da la'asar, yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Wata baƙar mota ta tsaya a gabansa ba tare da ya ji zuwanta ba.

Wani dattijo ya fito, tsaf da shi, farin kaya, ƙamshin turare. Ya yi sallama da murmushi. Bai zauna inda ke da fili ba. Ya zagayo ya zauna ta hagu, wajen kunnen da ke ji.

"Sannu da jiki, ɗana."

"Yauwa, Baba. Sai dai ban gane ka ba."

"Wanda ya mutu a kafaɗarka ƙanena ne. Kwantar da hankalinka, ba fansa ta kawo ni ba. Na ji ka gaya masa gaskiya har sau biyu, ya zaɓi waya." Ya kakkaɓe wata ƙura daga gwiwar Mai-Ƙwai. "Ina da aiki ranar Laraba, kuma ba ni da direba. Irinka nake nema."

"Baba, ni na bar tuƙi. Kunnena..."

"Ido nake so, ba kunne ba."

Daga cikin gida dariyar yara ta taso. Dattijon ya karkata kai yana saurare, kamar mai jin daɗin waƙa.

"Gidan naka ba shi da wuyar ganewa," ya ce. "Ka ga ni ban zo da taswira ba, ban kuma ɓata ba."